Leda ta Goma Sha Biyu

Shekara ashirin ke nan Gwaggo Lauya tana sayar da busassun ganyayen magani a shagonta mai ƙofa ɗaya, kusa da mai gyaran takalma. Ba ta taɓa leƙa kotu ba, bakinta ne ya jawo mata sunan. Ka zo sayen ganyen tari, sai ta tsare ka: wa zai sha, shekarunsa nawa, a ina kuke zaune? Har 'yarta kan ce, "Inna, ki bar mutane su sha iska mana."

Ranar Talata da hantsi kamfanin da ke kawo mata kaya ya bugo waya. An gano ƙwayoyin cuta a wani kwalin ganyen ƙarin jini, masu iya kwantar da ƙato, balle marar lafiya. A mayar da duka. Gwaggo ta duba lambar kwalinta, ita ce. Leda goma sha biyu ta riga ta sayar.

A nan surutu ya yi rana. Gida-gida ta bi, kafin la'asar ta karɓo goma sha ɗaya, ba wanda ya ko yi ciwon ciki. Saura ɗaya, ta wani mutum mai ɗaure fuska wanda ya ƙi amsa mata komai, sai dai ya ce tsohuwarsa ce aka sallamo daga asibiti. Kwana huɗu ke nan. Tsoro ya kama Gwaggo sosai.

Amma ta tuna zare a kafaɗar rigarsa, da allura soke a bakin aljihu. Ta nufi layin teloli tana leƙa shago-shago, a na bakwai ta gan shi yana taka keke.

"Ɗan nan, Baba ta sha ganyen?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Gwaggo, kullum ina cewa gobe zan kai mata."

Ya jawo aljihun keken. Ga ledar nan cikin maɓallai, ko ɓula ta ba a yi ba. Gwaggo ta zauna daɓas a kan tulin yadi, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

"Duk tsawon raina ina tsine wa alkawarin tela," in ji ta. "Yau kam Allah ya yi maka albarka. To, faɗa mini, shekarunta nawa?"