Malama Inno, Kunnen Kotu a Cikin Gidaje

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1964, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Inno a gidanta da ke Malumfashi, bayan ɗan gajeren zazzaɓi. An yi mata sutura bayan azahar. Shekarunta ban san su daidai ba. Mijinta, Malam Mudi, ya ce ta haura hamsin, 'yarta Asma'u ta ce ba ta kai ba, don haka na bar maganar yadda na same ta.

Tun ranar ake ta cewa ita ce mace ta farko da ta yi aikin kotu a duk Arewa. Na bincika, ban sami mai tabbatar mini ba, kuma ba zan ɗora mata abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne, a kotun alkali inda nake aikin muhuti, wato magatakardan alkali, tun da na gama karatun shari'a a Zariya bara, ita ce mace ta farko da aka ɗauka aiki, kuma har ta rasu ba a sami ta biyu ba. Wasu suna kiranta alkaliya. Ba alkaliya ba ce, ba ta taɓa yanke hukunci ba, kuma da tana nan ita za ta fara gyara musu.

Ga aikinta. Da yawa daga matan da shari'a ke shafa a ƙasar nan suna cikin kulle. Alkali ba ya shiga gida, masinja kuma iyakarsa zaure. A dā abin da mace ta sani sai ya bi ta bakin mijinta ko wanta kafin ya iso kotu. Malama Inno ta yi karatun fiƙihu a gaban mahaifinta, shi ya sa Alkali ya nemi a ɗauke ta. Ita ke shiga ta ji. In ana bukatar shaidar mace, sai Alkali ya aika amintattun maza biyu su tsaya a bayan danga, ita kuma tana ciki kusa da matar, ta tabbatar musu cewa muryar da suke ji ta wance ce. Abin da ta jiyo ita kaɗai ba ya zama shaida. Sai mai maganar ta faɗa da bakinta.

Malama, matan ƙauye sun shaida mini cewa ba kya fara tambaya in kin shiga gida. Duk aikin da kika tarar za ki sa hannu, ko ɓarar gyaɗa ko tsintar auduga, sai hira ta yi nisa sannan ki zo kan abin da ya kawo ki. Kin sha hawa bayan motar auduga mai zuwa Funtua, a sauke ki a bakin hanya, ki ƙarasa da ƙafa. Wani attajiri ya taɓa ce miki a gabana kotu ba wurin mata ba ce. Kika ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Ku daina cin gadonsu, sai in koma gida in huta." Ni ma na sami rabona. Ranar da na fara aiki, kika miƙo mini ruwa kika ce, "Sha, ɗan Zariya. Alkali ba ya cin mutum kafin azahar."

Shari'arta ta ƙarshe ita ce ta Hansai, kuma zan faɗe ta saboda an riga an yanke ta a gaban jama'a. Mijin Hansai, Mati, manomi ne a wani ƙauye kudu da gari. Ya rasu da kaka ya bar ta da ciki, ba su da wani ɗa. Ta haifi namiji, bai daɗe ba ya koma. Wan mijin, Maiwada, ya ce babu rai aka haife shi, aka binne shi ba salla. Hansai ta ce ya yi kuka.

A shari'a wannan kukan shi ne komai. Jaririn da ya yi kuka ya rayu, ya gaji ubansa, uwarsa kuma ta gaje shi. In bai yi ba, rabon Hansai rubu'i ne, wanda ba zai riƙe ta ba. In ya yi, rabonta ya kusa rabin gonar da Mati ya bari. Damina tana ƙaratowa, Maiwada har ya fara sharar gonar. A irin wannan al'amari da maza ba sa gani, ana karɓar shaidar mata biyu. Ungozoma ta ba da tata, ta ce ya yi kuka. Mace ɗaya ce ta rage wadda ke cikin ɗakin a lokacin, ita ce Uwa, matar Maiwada.

Malama Inno ta yi ta zuwa gidan. Ban san abin da suka tattauna ba. Abin da ta gaya wa Alkali a gabana shi ne, "Allah ya gafarta Malam, Uwa ta ji abin da ta ji, amma tsoro take. A ba ni lokaci, kada a aika mata masinja." Aka sa ranar da amintattu za su bi ta ƙauyen. Kafin ranar ta zo, ta kwanta.

Bayan rasuwarta ba mu da wanda zai shiga gidan. Na duba abin da aka koya mana, ban sami wata hanya ba. Shaida ɗaya ba ta isa, kuma shari'ar tana shirin faɗuwa.

Ranar Litinin da ta biyo baya aka kira ƙarar. Maiwada yana zaune a gaba, Hansai tana gefe tare da ungozoma. Sai wata mata ta shigo cikin lulluɓi, ta tsaya a bakin ƙofa. Maiwada ya juya ya ce, "Ke! Wa ya ba ki izinin fita?" Da wannan ya tabbatar wa kotu cewa matarsa Uwa ce, ba mu bukaci wani ya shaida ta ba.

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, Malama ta yi mini alkawari za ta zauna kusa da ni in zan faɗa. Tunda ba ta nan, a nuna mini inda take zama."

Masinja ya nuna mata tabarmar da ke jikin bango. Ta zauna a gefenta, ba a tsakiya ba. Ta ce, "Ya yi kuka. Ni na ɗauke shi, a hannuna ya yi shiru."

Alkali ya karɓi shaidar, ya yanke cewa yaron ya rayu, a raba gonar a kan haka kafin shuka. Hansai ba ta tambayi ko wane gefen gona ne nata ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko yanzu za a ce ta haihu. Alkali ya ce, "Kin haihu. Ɗa namiji, rayayye."

Abin da ya faru tsakanin Uwa da mijinta bayan sun fita, ban sani ba. Na ga dai ya tsaya a bakin kotu ya jira ta, suka tafi yana gaba tana baya. Ina fata lafiya, amma ba zan ce na tabbata ba. Dā Malama Inno ce za ta bi su gida ta gano. Wurinta yana nan ba kowa, kuma akwai ƙararraki da ke jiran wanda zai shiga cikin gidaje. Ina roƙon shugabanninmu kada su bar wannan aiki ya tafi tare da ita.

Malama, abin da aka ba ki amana kin kai shi inda aka aike ki, na ƙarshen ma ya iso. Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Mudi, da Asma'u da ƙannenta, da Alkali da ma'aikatan kotu, da matan ƙauyukan nan da rasuwar ta iske a cikin gida, ba su sami zuwa gaisuwa ba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya kyautata namu ƙarshe. Amin.

Sada, muhutin kotu, Malumfashi