Kifi Mai Iyo a Rigingine a Toranke

Gari bai gama wayewa ba muka tashi daga Gaya, ni da ƙanena, a kan babur ɗinsa. Waya aka yi mana cewa Gwaggo, yayar mahaifinmu da ke Toranke, ta ajiye maganin hawan jininta, wai ta samu wanda ya fi shi.

Damina ta cinye hanyar, kana kauce wa rami kana faɗawa wanda ya fi shi zurfi. Gero da dawa dai sun yi kyau, ma sha Allah. Mun tsaya a bakin hanya muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka lalubo shi a leda.

A gindin wata tsamiya muka iske Gwaggo cikin taron mata, ƙafafunta a kumbure. Wani baƙo ne a tsakiya da robar ruwa, yana nuna bidiyo a waya. Na san bidiyon, don ni malamar kimiyya ce, na sha nuna wa ɗalibaina. Kifi ne na can ƙasan teku inda haske ba ya kaiwa, da dogon zare a goshi kamar fatsa, yana iyo a rigingine. Masana na ganin juyewar ce ke ba shi damar jan fatsar kusa da ƙasa ya samu abinci.

Shi kuwa mutumin cewa yake ɗan wannan kifin ne a robarsa, kuma ruwan da ya yi iyo a ciki, wanda yake sayar musu a jarka, yana juyar da kowace cuta. Na leƙa. Ƙurungu ne! Ƙurungun koginmu da muke sakawa a miya, wanda wani irinsa dama haka yake iyo.

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, wannan ƙurungu ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, boko ne ya rufe miki ido."

Mata suka yi caa a kaina, wai na kunyata baƙo. Ba wadda ta tambayi dalilin da ya sa Gwaggo ta kasa miƙewa daga inda take zaune.

A keken adaidaita sahu muka ɗauko ta zuwa asibiti a Gaya. Ma'aikaciyar jinya na auna jininta ta ce a ba ta gado. Da yamma, da ta ɗan samu kanta, ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar nan, kun ɗauko min jarkar ruwana?"

Na dawo gida raina a ɓace. Na gane ba a raba mutum da ƙarya da faɗan rana ɗaya, sai da zuwa akai-akai, mu kuwa rabonmu da Toranke tun ƙaramar sallah.