Mahaucin Highbridge da Ya Ƙi Yanke Kunne

Da an sallame sallar asuba, Baba Sumani zai hau tudun unguwar Highbridge a ƙafa, ya ɗaga ƙofar shagon nama, ya wasa wuƙaƙensa kafin motar safa ta farko ta cika. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Asabar ɗin da ta wuce ya ajiye wuƙa, gwiwa ta ce ta gaji.

Shagon na Alhaji Tahiratu ne, ɗan zangonsu tun daga Kumasi. Amma Baba Sumani ke tuƙa mota kowace Talata zuwa wata gona a bayan gari, ya zaɓi shanu, ya yanka da hannunsa. Shi ya sa aka manna takarda a gilashin shagon cewa shanunsu ba su san sinadarin ƙara girma ba.

Ga wanda bai sani ba, gonaki da yawa a ƙasar nan suna cusa wa shanu 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin fatar kunne don su yi saurin ƙiba. Hukuma ta ce ba illa, wasu masana kuma har yanzu suna jayayya, iyaye masu ƙananan yara na tsakiya da fargaba. Kunne aka zaɓa don a ƙasar nan jefar da shi ake yi. Mu kuwa? Kai, ƙafa, ganda, kunne, me muke bari?

Jajibirin Babbar Sallah ta 2014, gonar ta kasa kawo abin da ake bukata. Alhaji Tahiratu ya ciko gibin daga wani dillali, bai gaya wa kowa ba. Hasiya, wata nas 'yar Kano, tana tsaye tana jiran kan saniyar da za ta yi wa yaranta farfesu. Ita ta ba ni labarin. Ta ce Baba ya ɗauko kan, ya murza kunnen da babban yatsa kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cak.

"Alhaji, zo ka taɓa nan."

"Sumani, layi ya kai titi! Yanke kunnen ka jefar, shi ke nan. Doka ma ba ta hana ba."

"Doka ba ta hana ba. To takardar nan ta gilashi fa, doka ce ta rubuta ko mu?"

"Yau kuma likita ka zama?"

"Ni mahauci ne. Ban san ko yana cutarwa ba. Na dai san abin da muka gaya wa matan nan."

Ya wanke hannu, ya je ya ɓalle takardar, ya juyo ga layi. "Jama'a, naman yau halal ne, amma ba na gonarmu ba ne, kuma an sa masa sinadarin nan. Mai so ya saya, wanda ba ya so ya yi haƙuri."

Rabin layin ya watse. Kafin la'asar Alhaji ya karɓe makullin shago daga hannunsa.

Baba, kana da shekara hamsin da takwas a lokacin, ba ka san wata sana'a ba sai fawa. Wata takwas ka yi kana wankin motocin haya kusa da filin jirgin saman JFK, har cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a bokiti. Kai ne wanda aka yi ta zugawa a masallaci ka ƙara tona asirin Alhaji, ka ce wa masu zugar abokinka ne, kuskure ya yi. Ba wanda ya ji ka ƙara ko kalma ɗaya.

Mata ne suka yi maganar. Hasiya ta ce duk ranar da ta wuce sai ta leƙa ta ce, "Alhaji, ina wuni? Yau shanun naka da kunne suka zo ko babu?" Daga unguwar Soundview har Highbridge, masu suna da masu biki suka koma neman nama wani wuri. Da azumi ya matso, Alhaji Tahiratu ya je har wurin wankin motar, ya roƙi Baba ya dawo. Baba bai nemi ƙarin albashi ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: in gona ta gaza, a rufe shago ranar, ko a faɗa wa mutane gaskiya. Sau huɗu aka rufe tun daga nan, sau biyu ma a ranar Juma'a.

Mun gode, Baba Sumani, mahaucin amana. Yaranmu da ke amsa mana da Turanci ba su san abin da ka yi musu ba, mu mun sani. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma masu shaguna da masu dafa abincin biki, abin da kuka ce kuna sayarwa, shi za ku miƙo. A walimar sallamar Baba, Alhaji Tahiratu ya miƙe zai yi jawabi. Ya ce, "Ni na kore shi." Baba ya jawo hannunsa ya zaunar da shi, ya ce, "Kai kuma ka zo ka ɗauko ni. Ci abinci, Alhaji."