Makullin Tayar Gajere

Gajere direba ya cire wa tsohuwar a-kori-kurarsa makullan tayoyin gaba masu kama kansu, ya sa na murɗawa da hannu, waɗanda sai an sauka ake kulle su kafin mota ta shiga taɓo. Ya ce taɓon Bakolori ne dalili, amma yunwa ce. Duk ranar kasuwar Maradun surukinsa, Malam Ishaq, yana zaune gefensa, kuma ba a cin abinci gaban suruki. Yanzu sai ya tsaya, ya ce, "Baba, bari in kulle taya," ya sauka ya durƙusa ya danna ƙosan aljihunsa a baki.

Rannan ya miƙe daga gindin tayar da wuri, ya iske tsohon kumatu cike da rogo.

Malam Ishaq ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Ɗaya tayar fa, yaro?"

Gajere ya zagaya, ya daɗe yana murɗawa.