Kifin da Ba Ya Girma

Duk ilimin mulki, daga sarautar unguwa har majalisar ƙasa, abu ɗaya ne: sanin wanda za a zaunar kusa da wa. Shekara talatin na yi ina wannan aiki a aji, daga Bawku zuwa Yendi, ina raba mai tsokana da mai saurin kuka, kuma ba a taɓa fasa baki a gabana ba. Don haka da na yi ritaya na dawo gidanmu na Salaga, ban zaci akwatin gilashi mai ruwa zai gagare ni ba.

'Yata ce ta kawo shi bayan rasuwar mahaifiyarta, da 'yan kifaye takwas masu jela launi-launi, kowanne bai kai rabin yatsa ba. Ta ce, "Baba, tunda ka ƙi bi na Yendi, ga waɗanda za ka riƙa yi wa faɗa." Ta koma bakin aikinta. Gida mai ɗaki shida, motsi kuwa sai nasu. Da safe nakan zuba musu abinci kafin in sha koko, in ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Su kaɗai ne ke lura idan na makara.

Bayan wata uku na ga kowa a sama yake yawo, ƙasan akwatin fayau. Na karanta a waya cewa akwai wadannin dangin karfasa, masu jan launi a ciki, da ba sa wuce tsawon yatsa. Suna zama a ƙasa, mace da namiji, kuma ba ruwansu da maƙwabta muddin an ba su wurin ɓuya. Zancen mace da namijin ne ya ja ni, ba sai na yi bayani ba. Na kifa fasasshen kasko cikin yashin da ke ƙasan akwatin, na hau mota zuwa Makango, wurin wani dattijon masunci da marigayiya ke sayen bandar kifi a hannunsa.

Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya kalli hoton da na nuna masa.

"Masta, kifin da ba ya girma? Mara lafiya kake so?"

"Lafiyayye. Haka Allah ya yi shi."

"To yaushe ake cinsa?"

"Ba a ci. Kallo ake yi."

Ya waiwayi matan da ke banda a gefe ya ce, "Kun ga abin da fansho ke yi wa mutum." Suka yi dariya, ni ma na taya su, don na daɗe ban samu abokan dariya ba. Ya ce in dawo jibi.

Biyu ya ba ni a bokiti, 'yan tsirit, masu zane a gefe. Na gwada su da hoton na ga kamanni, irin kamannin da mai son abu kan gani.

Watan farko lafiya lau. A na biyu suka tone yashin, suka birkice kaskon. Wata safiya na ƙirga masu jela launi-launin na ga bakwai, na sake ƙirgawa da tabarau, bakwai ɗin ne. Sai biyar. Na raba akwatin da faifan roba, suka tona ta ƙarƙashinsa. Biyun da suka rage na kwashe zuwa kwano, ba su kai Juma'a ba. Daga nan babbar cikin baƙin biyu ta juya kan ƙaramar.

Na koma Makango da jawabin da na shirya tun a mota. Dattijon bai bari na fara ba.

"Ai na samu irin naka, Masta, masu jan cikin. Na mayar da su ruwa."

"Ka mayar?"

"Mijin Hajiya ya tako har nan karon farko, in ba shi abin da kyanwa ma za ta raina? Mutanen bakin ruwan nan su ce me? Jinin kirki na zaɓo maka da hannuna. Ya girma?"

Na ce ya girma.

"To alhamdu lillahi."

Ya ƙulla mini bandar kifi a takarda, irin wadda ya ce ita takan zaɓa, ya raka ni har bakin mota. Har yau ban gaya wa 'yata ba. Karfasa ɗaya ce a akwatin, ta wuce tsawon tafin hannuna, kuma idan na matso kusa da gilashin sai ta koma ɗaya kusurwar.