Gular Hagu

Ƙanena ya fara kiɗa ne a cocinmu na Yangoji, tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa in ya zauna a benci. Ni katako na sani, katakon ne ya kai ni Gwarinpa na buɗe shagon kafinta. Bayan wasu shekaru ya biyo ni da sunan zai koyi aiki. Bai koyi komai ba. In ya buga ƙusa sai ta lanƙwashe, amma ka bar shi da guduma biyu da teburin aiki, ranar babu mai jin maganar wani a layinmu.

A nan ya haɗu da wasu samari masu wani kiɗan Turawa da suke kira metal. Ranar da na fara ji na ɗauka janareto ne ya lalace. A wannan kiɗan babbar ganga a ƙasa take, da ƙafa ake buga ta: ka taka feda, gula ta tashi ta daki fatar. Shi feda biyu yake takawa, dama da hagu, gula biyu a kan ganga ɗaya, da gudu kamar injin niƙa. Ban taɓa son kiɗan ba, har yau. Amma na ga fuskarsa in yana yi, na ja bakina na yi shiru.

Gulolin da suka zo da fedar na wani matsattsen tsumma ne mai laushi. Ya kawo min su shago yana ɓata rai.

"Yaya, wannan ba ya fita. Jita ta cinye shi duka. Ina so kowane bugu ya fito daban, tas, tas."

"To ni mai sayar da kayan kiɗa ne?"

"Na gwada na roba, kamar ana dukan bokiti. Abeg, yi min na katako."

Na yi masa na kirya, don mugunta ma na zaɓi mai nauyi. Kafin sati ya fita ya fasa fatar gangar, ya dawo yana dariya, wai bai taɓa jin daɗin ɓarna irin wannan ba. Daga nan muka shiga koyo tare. Na gane dole a kashe kaifin gefe, a daidaita fuskar ta zauna daram a kan fata, a manna wa fatar faci a inda ake dukanta. Mai nauyi tana ba da amo har cikin ƙirji amma tana gajiyar da ƙafa. Marar nauyi tana gudu amma muryarta siririya ce. Kuma lallai biyun su zama tagwaye, daga gungume ɗaya, in ba haka ba kunne zai ji kiɗan yana ɗingishi. Har sikelin mai kantin kusa da mu nake ara, yana min tsiya wai na koma sayar da zinariya.

A ƙarshe muka tsaya a kan madaci. Lokaci zuwa lokaci yakan kawo su in gyara fuskar, domin duka yana cinye ta. Inda gula take haɗuwa da fata yakan yi sumul, ya yi ƙyalli kamar an shafa mai. Shekaru muka yi a haka. Ya yi aure, ya haifi 'ya, ana kiransu wasa har wasu garuruwa, ni kuma kullum ina mita ina sassaƙa.

Wata rana ya ce in rage wa ta hagu nauyi kaɗan. Na ce ai kai ka koya min tagwaye ne. Ya ce fedar hagun ce ta tsufa, ta yi tauri. Na rage. Bayan 'yan watanni ya dawo, a ƙara ragewa. Na bar madaci na koma itacen malaina, wanda bai kai shi nauyi ba. Ya sake dawowa. Ranar na yi masa faɗa sosai, na ce ya je ya sayi sabuwar feda ya daina cinye min lokaci, ina da ƙofofin mutane a gabana. Ya juya zai fita. A bakin ƙofa silifas ɗinsa na hagu ya zame ya tsaya a baya, shi kuma ya yi taku biyu bai sani ba.

Abin da na ji a cikina ranar tsoro ne, ba wani abu ba.

Likita ya ce jijiya ce daga baya, ita ce ba ta kai saƙo ƙafa yadda ya kamata. Ya rubuta magani, ya ce a riƙa motsa ƙafar, bai yi alkawarin komai ba. An yi addu'a a coci. Mamanmu ta aiko da saiwoyi daga gida. Mai waldar da ke maƙwabtaka da ni, Musulmi ne, ya ce yana sa shi a addu'a bayan kowace salla. Ni ba ni da abin yi sai katako, sai na yi ta yi. Na nemo rimi, wanda ko yaro zai ɗaga reshensa da hannu ɗaya. Na huda cikin gular na rarake ta har na ji tsoron za ta fashe. Ƙanena ya gwada a gabana. Dama tana gudu, hagu tana biyo ta a makare, wani lokaci ta tashi ta kasa isa fatar. Ya ɗago ya dube ni kamar akwai sauran wata dabara a wurina. Babu sauran abin ragewa, sai dai in ba shi sandar ƙarfen da ke riƙe gular tsirara.

Samarin sun yi haƙuri iya nasu, daga baya suka sami wani. Ƙanena ya kwashe iyalinsa da gangunansa ya koma Yangoji, matarsa tana sayar da kaya a bakin titi, shi yana koya wa 'yan coci kiɗa. In na kira shi a waya maganarsa ɗaya ce.

"Ƙafa tana dawowa, Yaya. Kullum ina taka feda biyu. Ka shirya, za mu koma madaci."

Na so in yarda, sai na yarda.

Da aka fara haƙar doya na je gida. Bayan mun ci abinci ya shiga ɗaki, ina jin yadda yatsun ƙafarsa suke jan ƙasa, ya fito da gulolin a leda ya miƙo min kamar yadda ya saba.

"Sun ci. A gyara min fuska."

Na duba ta dama. Ta yi sumul tana ƙyalli, har ta ɗan lotsa. Na juya ta hagu. Ita ma ta ci, amma babu ƙyalli ko kaɗan. Layuka ne ƙanana a jere, duk sun nufi gefe ɗaya, da 'yar farar ƙura a cikinsu. Fata ba ta yin haka. Siminti ne yake yi. A gefen dakalin da nake zaune ma akwai wurin da ya yi haske, faɗin tafin hannu.

Na rasa inda zan sa idona. Mutumin da bai taɓa yarda ya riƙe min katako in saita ba, shi ne ya zauna a nan yana goga rimi a dakali don kada hankalin yayansa ya tashi. Na so in yi masa ihu, na so in rungume shi, ban iya ko ɗaya ba. Yana tsaye ya dafa bango yana jiran abin da zan ce.

"Kai dai ba ka tausayin kaya," na ce. "Dubi yadda ka cinye ta hagun nan. Ta ma fi ta dama ci."

Ya yi dariya, irin wadda ya yi ranar da ya fasa fata. Na buɗe jakata na ciro kayan aiki, na sunkuyar da kai sosai, na fara da ta hagu.