Baba Dakata da Muryar Teburin Ƙasa

Kafin masu shara su gama, ya riga ya buɗe ɗakin injuna, ɗakin da babu taga, babu kujerar baƙo. A nan yake cin abincin rana, fanka na yi masa hira. Sunansa na gaskiya ba kowa ya riƙe ba. Baba Dakata ake ce masa.

Dalili kuwa, duk manhajar da aka kawo daga waje takan tambayi inda za a ajiye ta. Jama'a sai danna gaba, gaba, kamar ana korar su. Shi kuwa sai ya ce, "Dakata." Ba ya yarda a cusa baƙuwa cikin kayan babbar manhajar kwamfuta, don ran da aka sabunta, da ita za a share. Yakan ware mata folda a wani ɓangaren ma'adana daban.

"Baba, saura ka shimfiɗa mata katifa!" in ji akawu.

"Sai na ga halinta tukuna."

A teburin ƙasa akwai makaho mai amsa waya. Wata manhaja ke karanta masa abin da ke allo. In ta tafi, aikinsa ya tafi. Baba ya zaɓa mata folda mai gajeren suna, ya riƙe yatsun mutumin a kan maɓallai har suka haddace hanyar.

Ya yi ritaya shiru. Wanda bai taɓa bari abu ya lalace ba, wa zai tuna da shi? Ya koma gidan da sallamarsa kaɗai ke amsa kanta.

Ba a jima ba aka sabunta kwamfutocin ofis. Allon makaho ya yi tsit. Ya ce a buɗe masa wurin rubuta umarni, ya lalubi maɓallai, ya buga gajeren sunan. Muryar ta tashi. Ya kira Baba, ya kara wayar a lasifika. Tun da Baba ya bar aiki, wayarsa ba ta yi ƙara ba sai ranar.

Kai ne ka tanadar wa muryar masauki, kai da ba a tanadar wa kujera ba. Mun gode, Baba, ko da mun makara. Ku kuma masu saurin dannawa, ku dakata. In da hali, ku kira shi. Yana ɗauka tun ƙarar farko.